Rahoton Ayyukan Shekara Ga Iyayen Yara Kurame, 'Yan Ƙungiyarmu

Assalamu alaikum, 'yan uwa iyaye da malamai.

Aikin da ya fi cin lokacin kwamitin ilimi bana shi ne nazarin dokar maganar hannu ta ƙasar Filifin, kamar yadda babban taro ya ɗora mana. Wasu sun ce me ya kai mu uwa duniya haka? Tarihinsu ne ya yi kama da namu. Makarantar kurame ta Manila, babban birninsu, da aka buɗe a 1907, Ba'amurkiya ce, Delight Rice, ta fara koyarwa a cikinta, sai alamun maganar hannu ta Amurka suka samu gindin zama a aji. Mu ma ta hannun Andrew Foster, wani malami kurma Ba'amurke, suka shigo mana daga Ibadan a 1960, alhali kuramen Kano suna da tasu maganar hannu tuntuni.

Ranar 30 ga Oktoba, 2018, Shugaba Rodrigo Duterte ya sa hannu a doka mai lamba 11106. Ta ayyana maganar hannun Filifin a matsayin harshen kuramen ƙasar, ta ce da ita za a koyar da yaro kurma, a kuma koyar da ita a matsayin darasi mai zaman kanta, ba tare da an bar karatu da rubutu cikin Filifino da Turanci ba. Ta shafi kotuna da labaran talabijin. Inda ya fi jan hankalinmu shi ne batun malamai: dokar ta nemi a sassauta hanyar jarrabawar lasisi ga kurame masu son koyarwa. A ganinmu nan ne gizo ke saƙar. Wanda ya taso da harshen ya fi kowa iya fahimtar da yaro ɗan aji ɗaya.

Sai dai kada mu ruɗu. Ka'idojin aiwatar da dokar ba su fito ba sai a 2021, kuma har yau masu fassara ba su wadace su ba.

A gida kuma, ajin Asabar na iyaye mata ya ɗore. Akwai uwar da ta zo ba ta iya komai ba sai nuna tuwo da ruwa. Yanzu tana tambayar 'yarta abin da aka koya a makaranta, yarinyar na gyara mata yatsu tana dariya. Iyaye maza ne dai har yanzu ƙafarsu ta yi nauyi. Alhazai, a daure.

Kuɗin wata-wata bai shigo yadda ya kamata ba. Ma'aji zai karanta lissafi a taro.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu rubuta takarda zuwa majalisar dokokin jiha, muna neman a ambaci maganar hannu da sunanta a dokar ilimi, a kuma ɗauki malamai kurame aiki. Duk mai son shiga kwamitin rubutun ya ba sakatare sunansa kafin taro na gaba.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya