Farfesa Hasler da hancin kifin salmon

Edita, a ɗan ba ni fili in tuna wa masu karatu da wani masani, marigayi Farfesa Arthur Hasler na Jami'ar Wisconsin a Amurka, wanda ya rasu a 2001.

Kifin salmon a rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru, sannan ya komo rafin nan don zuba ƙwai. Ta yaya yake gane hanya? A 1951 Hasler da ɗalibinsa Warren Wisby suka ce da ƙanshi ne. Suka toshe hancin wasu kifaye da auduga a jihar Washington, sai ga su sun kasa bambance rafinsu da na maƙwabta. Daga baya Hasler ya saba wa ƙananan kifaye da ƙanshin wani sinadari, morpholine, ya ɗiga shi a wani rafi da ke shiga tafkin Michigan. Da suka girma, can akasarinsu suka nufa.

A ganina nan ne amfanin aikin ya fito fili: yau masu farfaɗo da salmon suna tsare 'ya'yan kifi na ɗan lokaci a ruwan kogin da ake so su dawo kafin a sake su.

Mai karatu daga Zariya