Zuwa ga ɗana, kan abin da ka ce za a dasa maka a kai

Assalamu alaikum.

Ɗana, ina fata kana lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda kake so. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar mahaifiyarka da ka sani, ita ma da sauƙi. Na zaɓi in rubuto maka ne don na san in na kira ka zan ɗaga murya, kai kuma ka yi shirun nan naka, mu rabu kamar yadda muka rabu ranar tafiyarka. Ba na son a maimaita.

Shekaranjiya ƙanwarka ta miƙo mini waya ta ce in kalli wani bidiyo. Kada ka yi mata faɗa, tsoro ne ya sa ta. Na gan ka tsaye gaban jama'a kana bayanin aikinku na na'urar da ake dasa wa marasa lafiya a ƙwaƙwalwa don ta karanta abin da suke son faɗa, bakinka bai yi gargada ko sau ɗaya ba, har na ji ƙirjina ya cika. Can wajen ƙarshe wani ya tambaye ka ko kai za ka yarda a dasa maka irin wannan na'ura a ƙwaƙwalwa. Ko numfashi ba ka ja ba, ka ce ranar da aka buɗe ƙofa ga masu lafiya, kai ne na farko a layi. Mutane suka tafa. Sau huɗu na sa ta mayar da wurin, ina duban fuskarka ko zan ga alamar wasa. Na san fuskarka in kana wasa. Ban gani ba, kuma tun daren barcina ya zama rabi da rabi.

Kada ka ɗauka tsoho ne ke musun abin da bai sani ba. Ni ban ce ba zai yiwu ba. A 1903 jirgin 'yan'uwan nan Wright ya yi daƙiƙa 12 kacal a sama, a 1969 ɗan Adam ya taka wata. Shekara 66 ce tsakani, akwai waɗanda suka ga duka biyun da ransu. Wanda ya san wannan ba zai yi rantsuwa a kan abin da shekara ɗari mai zuwa za ta kasa kawowa ba. Tun da ka shiga wannan fanni nake bibiyar labaransu, ko da ba na faɗa maka. Na karanta cewa a Disambar 2022, a wani ɗakin gwaji a Kalifoniya, sun haɗe ƙwayoyin zarra irin yadda rana ke yi, har makamashin da ya fito ya fi wanda hasken leza ya kai wurin. In suka iya mayar da wannan tashar lantarki, Allah ya ba su sa'a. Na ji an dasa wa mutum ƙodar alade da aka gyara wa ƙwayoyin halitta a 2024. Na ji wata 'yar na'ura a jikin motar nan Perseverance da aka aika duniyar Mas ta tace iskar can ta fitar da iskar shaƙa. Masu son zuwa can su je, ban hana kowa ba, tafiyar wata bakwai ce in ji su.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na sikila. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin da ake ɗebo ƙwayoyin da ke ƙera jini daga jikin mai ciwon, a gyara su da almakashin nan da ake kira CRISPR, a mayar, su koma yin irin jinin da jariri ke da shi tun yana ciki. Ranar da na karanta wannan sai da na ajiye takardar na fita waje na zauna. Ka san wanda na tuna. Allah ya riga ya ƙidaya wa yayanka kwanakinsa, ban ja da wannan ba, amma dararen nan da muka yi muna danna masa gaɓoɓi yana cije leɓe don kada ya tashe ku, ba na so wani uba ya sake ganin irinsu. To ka ga ni ba maƙiyin ilimi ba ne.

Aikinka ma na san darajarsa, na kuma san inda ya samo asali. Kana ɗan shekara goma sha biyu ka yanko kwali ka rubuta haruffa a kai, ka zauna gefen gadon kakarka kana bi da yatsa, ita kuma tana ƙifta ido in ka iso harafin da take nufi. Kalma ɗaya takan ci muku minti biyar. Wata rana kun ɓata kusan rabin awa kafin ka gane cewa so take a buɗe taga. Shekara biyu tana nan a cikin jikinta da hankalinta garau, ƙofar fita ce kawai babu. Shi ya sa da na ji labarin matar nan ta Kanada da bugun jini ya ɗauke wa magana shekara 18, aka shimfiɗa mata na'ura a kan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, kwamfuta ta riƙa fitar da abin da take ƙoƙarin faɗa har kalma 78 a minti ɗaya, da murya irin tata da aka kwaikwayo daga bidiyon ranar aurenta, sai na ce wannan aikin lada ne. Ga irin wannan baiwar Allah, a dasa. Da kakarka na raye ni zan fara sa hannu.

Amma ita ba ta da abin da za ta rasa. Kai me ka rasa? Bakinka na magana, hannunka na rubutu, ƙafarka na kai ka inda kake so. Don me za a huda ƙoƙon kan da Allah ya rufe lafiya?

Bari in yi maka magana da bakin sana'ata, tunda a nan ba za ka ce ban sani ba. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina gyaran na'urorin asibiti. A inda na yi aiki akwai wani ɗaki a can baya da muke tara waɗanda suka mutu. Ka taɓa shiga, ka tuna ƙurar. Mafi yawansu ba tsufa ya kashe su ba. Akwai wata kwalabar renon bakwaini da ta zo sabuwa fil, tana sheƙi, kowa na zuwa kallo. Bayan 'yan shekaru wani ɗan allo da bai kai tafin hannuna ba ya ƙone a cikinta. Na rubuta wa kamfanin wasiƙa sau uku. Amsar da ta zo layi biyu ce: sun daina ƙera wannan samfurin, mu sayi sabo. Haka na tura ta ɗakin baya da hannuna, komai nata lafiya in ban da wannan ɗan allon. Abin da shekara talatin ta koya mini ke nan: kowace na'ura tana da ranar lalacewa, kuma ranar nan ba kai ke da ta cewa ba, wanda ya ƙera ta ne, in har yana nan.

Yanzu ka ɗauki wannan ɗakin ka mayar da shi cikin kanka. An riga an yi, ba hasashe nake ba. Wani kamfani a Amurka mai suna Second Sight ya dasa wa makafi fiye da 350 na'urar da ke ba su ɗan gani, su rarrabe haske da duhu, su gane inda ƙofa take. A 2019 ya daina ƙera ta, a 2020 ya sallami mafi yawan ma'aikatansa. Mutanen nan suka wayi gari da ƙarfe a ido, babu mai gyara, cirewa kuma sai da wata tiyatar mai haɗari. A Ostireliya an dasa wa masu farfaɗiya na'urar da ke yi musu gargaɗi kafin ciwon ya tashi. Kuɗin kamfanin ya ƙare, aka kira su a cire. Wata mata a cikinsu ta yi iya ƙoƙarinta a bar mata, don abin ya riga ya zama wani ɓangare nata, amma aka cire. Shi kansa kamfanin Neuralink da kuke ta ambato, wanda ya yi dashensa na farko a jikin mutum a Janairun 2024, da zare 64 da suka fi gashi siranta, makonni kaɗan bayan aikin da yawa daga zaren suka zame daga inda aka soka su. Sun ceto lamarin ta hanyar gyara manhaja, na yaba musu. Amma ƙwaƙwalwa nama ce mai motsi, tana kuma gina tabo a kewayen duk baƙon da ya shige ta. Kai ka fi ni sanin wannan.

Kuma nawa kuka sani game da wurin da kuke soka wayar? Ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 ne a kan mutum. Sai a 2024 aka kammala zana taswirar ƙwaƙwalwar ɗan ƙaramin ƙudan nan mai bin 'ya'yan itace, mai ƙwayoyi wajen 140,000, aka yi ta murna, kuma ta cancanci murna. Ƙuda ke nan. Ni ko rediyo ba na sa wa ƙarfen narka dalma sai na ga zanen wayoyinta.

Duk wannan ma da sauƙi. Abin da ke tayar da ni tsakar dare in zauna bakin gado shi ne wannan: na'urar da ke karanta abin da mai shanyewar jiki ke son faɗa, karatu take yi. Yau tana karanta motsin da ya yi niyya, da kalmar da ya yunƙura zai furta. Ku da kanku kuke cewa gobe za ta fi haka, burinku ke nan. To abin da ta karanta ina yake zuwa? Wa ke ajiye shi? In an sayar da kamfanin, wa aka sayar wa? Wayar da ke aljihunka ta riga ta san inda ka kwana da wanda ka kira, amma ita kana iya kashe ta ka jefa a akwati. Ɗan Adam yana da ɗaki guda da ba mai shiga sai Mahaliccinsa. A nan yake yin fushin da bai furta ba, ya haɗiye. A nan mugun tunani ke zuwa masa ya kore shi, ba wanda ya sani, ba a kuma kama shi da laifinsa. A nan yake ganawa da Ubangijinsa. Sau nawa na yi fushi da kai a wannan ɗakin, ya huce a can, na fito na dafa kanka? Da akwai waya a kaina tana kwashewa, da wane uba za ka sani? Ƙasar Chile har tsarin mulkinta ta gyara a 2021 don kare abin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwar mutane. Ruwa ba ya tsami banza. Su da suka yi dokar wani abu suka hango, kai kuma ka tsaya gaban duniya kana neman zama na farko a layi.

Wannan ne ya ƙona mini rai, kuma zan faɗa maka ba ɓoye-ɓoye. Maganar da ba ka taɓa yi wa uwarka ba, ba ka taɓa yi mini ba, ka yi wa baƙi don su tafa maka. Kan nan da kake kyauta da shi, akwai wadda ta kwana uku tana naƙudarsa. Amana ce aka ba ka, ba kayan gwaji ba. In abin ya lalace, masu tafin nan za su koma gidajensu, mu ne za mu zauna gefen gado da kwali da haruffa. Na yi sau ɗaya da uwata. Kada ka sa in yi da ɗana.

Na san abin da za ka ce, cewa haka na yi lokacin maganar karatunka, haka na yi ranar da kawunka ya zo roƙo a madadinka, kullum ni ne mai tare hanya. A wancan na yi kuskure, na kuma faɗa wa mahaifiyarka haka, ko da ban iya faɗa maka ba sai yau. Amma ka yi mini adalci. Wanda ya binne ɗa guda ba ya ƙirga sauran yadda kowa ke ƙirga nasa. In na riƙe ka da ƙarfi har ya yi maka ciwo, hannun ne bai manta wanda ya suɓuce masa ba.

Ban ce ka bar aikinka ba. Ka tsaya a kai, ka yi shi da kyau, Allah ya sa ta hannunka wani ya sake kiran sunan 'ya'yansa. In ma da hali, ka zama mai tambaya a cikinsu, wanda zai ce kafin a dasa wa kowa a rubuta wa zai gyara bayan shekara ashirin, wa zai biya kuɗin cirewa, wa ke da ikon duba abin da aka kwasa. Marasa lafiyar nan suna buƙatar mai yi musu wannan tambayar, don su ƙishirwa ba za ta bar su su tsaya duba ruwan ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka yi mini alkawari, a rubuce, cewa ba za ka sa hannu a wata takarda da ta shafi jikinka ba sai ka zo mun zauna ido da ido, ka amsa mini waɗannan tambayoyin uku. In ka gamsar da ni, zan yi shiru. Mahaifiyarka ba ta ga bidiyon ba, na hana a nuna mata, kuma ban san tsawon lokacin da zan iya ɓoye mata ba, don ta fara tambayar me ke hana ni barci. Ka kira ta a ƙarshen makon nan, ka tambaye ta ƙafarta.

Kwalin nan na kakarka yana nan a akwatina, har da inda ka rubuta wani harafi a juye. In ka zo zan ba ka, ka kai shi wurin aikinka.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mini kai.

Mahaifinka.