Ubanta ya sa hannu ya zame, ni kuma 'yata ta daina yi min magana

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni mai sauraronki ce daga nan Bronx a New York, a waya nake bin shirinki in na taso daga aikin dare. Dan Allah a sakaya sunana da na 'yata, mu Hausawan nan duk mun san juna, ana faɗin abu kaɗan an gano mutum, gobe in je gidan suna a dinga nuna ni da baki.

Yau kwana shida kenan yarinyar nan ba ta ci abin da na dafa ba, in ta dawo makaranta sai ta wuce ɗaki ta turo ƙofa, ƙannenta ma sun tsorata sun daina hayaniya, kuma wallahi Hajiya ba ni na ja mana wannan rigimar ta shigarta jami'a ba, ubanta ne, shi ya ingiza mai kantu ruwa ya koma gefe yana kallo. Ni ce dai a kusa shi ya sa ake hucewa a kaina.

Bari in faro daga farko ko za ki gane, don ni ma sai da abin ya ci ni na fahimce shi. 'Yata ta fari shekararta 17, a nan aka haife ta, tana ajin ƙarshe na sakandare. Yarinya ce mai ƙoƙari ba yabon kai ba, jarrabawar SAT da ake yi a kan maki 1600 ta samo 1480, malamansu har kira na suke yi su ce in yi alfahari da ita. To a nan Amurka neman jami'a ba kamar JAMB ɗinmu ba ne da za ka rubuta ka zauna jiran adimishin, kai za ka bi makarantu ɗaya bayan ɗaya ta wani shafi da ake kira Common App, kuma ƙofofin shiga iri iri ne. Akwai ta kowa da kowa wadda ake rufewa wajen farkon Janairu, amsa ta fito a Maris ko farkon Afrilu, a ba ka har 1 ga Mayu ka zaɓa. Akwai ta sammako guda biyu da yawanci ake rufewa 1 ko 15 ga Nuwamba. Ɗaya suna ce mata EA, wannan ba ta ɗaure kowa, a ba ka amsa da wuri ka ajiye ka ci gaba da dubawa. Ɗayar ita ce ED, ita ce masifar da ta same mu, makaranta ɗaya tak ake nema da ita kuma alkawari ne a rubuce, in suka ɗauke ka dole ka je, dole ka janye duk takardun da ka tura wasu wurare. Mutum uku ke sa hannu, yaro, da malamar da ke ba su shawara a makaranta, da uwa ko uba. Uwa KO uba Hajiya, ki riƙe wannan.

Ni ban sa hannu ba. Ban ma san an sa ba sai ranar Juma'ar can da ta fito daga ɗaki da kwamfuta a hannu tana ihu tana kuka wai Umma sun ɗauke ni, na rungume ta ni ma ina ta hamdala, sai da na ce to Alhamdulillahi bari mu jira sauran mu ga wadda ta fi sauƙi, sai ta yi shiru ta sunkuyar da kai ta ce ai babu sauran, Abba ya sa hannu tun Oktoba.

Na manta ban gaya miki ba, mun rabu da ubansu shekara tara kenan. Yana New Jersey da matarsa, yana da shago kuma yana tura motoci gida ta Kwatano, ya sayi gida, in ka gan shi ranar Idi cikin shadda ka ce wani gwamna ne. Amma kuɗin yaran nan uku sai na yi kira goma kafin ya turo rabi, ban taɓa kai shi kotu ba saboda iyayena sun ce kar in tona masa asiri a ƙasar mutane. Mutumin da bai san ajin da autarsa take ba shi ne yau ya zama mai kishin ilimi. Ni na san dalili, so yake ya zauna a majalisa ya ce 'yata tana makaranta kaza, don ɗan abokinsa ya shiga wata babba bara kuma tun lokacin abin ke cin sa. Burga ce kawai.

Toh kuɗin. Makarantar mai zaman kanta ce, tafiyar awa biyar a mota daga nan, da karatu da ɗakin kwana da abinci da komai dala 88,000 a shekara. Takardar tallafi ta biyo baya da kwana biyu, sun ba ta 52,000 kyauta har da na gwamnati a ciki, sai bashin ɗalibi 5,500, sai aikin cikin makaranta 2,500, saura 28,000 wai iyaye su kawo. Duk shekara fa, shekara huɗu 112,000 kenan in ma ba su ƙara kuɗin ba, kuma kullum ƙarawa suke. Ni aikin kula da tsofaffi nake a gidajensu, ki lissafa.

Na kira ofishin tallafin nasu na ce ina kuka samo wannan lissafi, matar ta yi min bayani cikin ladabi ba zan yi mata ƙarya ba. Wai fom ɗin gwamnati, FAFSA, in iyaye sun rabu na wanda ya fi ɗaukar nauyin yaro ake dubawa, wato ni. Amma su suna ƙara wani fom, CSS Profile, shi kuma har uban da ba ya gidan sai ya cike nasa, to sun ga shagonsa da abin da yake samu shi ya sa. Na ce ai ba zai biya ba, ta ce su abin da iyaye za su IYA suke dubawa ba abin da suka ga dama ba, kuma akwai takardar roƙon a cire uba daga lissafi amma wannan na wanda uban ya ɓace ne ko akwai cutarwa, ba na wanda ya cike fom da hannunsa ba. Ta ce in akwai wani sabon abu da ya canja mu rubuto su sake dubawa. Me ya canja, halinsa ne kuma shi bai canja ba.

Na kira shi, kin san abin da ya ce? Wai shi ya ɗauka tunda yarinya tana da ƙwaƙwalwa sikolashif za su ba ta gaba ɗaya, wai kasuwa ta tsaya, kwantena biyu sun maƙale, wai zai dinga ba da 5,000 in Allah ya hore. In Allah ya hore! Na ji muryar matar tasa a baya tana cewa wani abu, ban ji me ta ce ba amma na san ba alheri ba ne.

Nan ne inda duk suka yi wa rogo kallon kitse, shi da ita yarinyar. Sikolashif iri biyu ne a ƙasar nan, akwai na duba aljihun iyaye akwai na hazaƙa wanda ba ruwansa da abin da kake da shi. Manyan nan takwas irin su Harvard da Yale da Princeton da Columbia da ke nan kusa da mu ba sa ba da na hazaƙa ko sisi, sai na aljihu kawai. Wadda ta ɗauke ta tana bayarwa amma 'yan kaɗan, da fom ɗinsa daban da aka rufe 1 ga Disamba, ta cike, sai dai ba za a faɗi waɗanda suka samu ba sai wajen Maris. Su kuma suna so mu biya kuɗin kama gurbi kafin 8 ga Janairu mu janye daga ko'ina. Wannan ba sayen kifi a ruwa ba ne? Wata 'yar Kumasi da muke masallaci ɗaya, 'ya'yanta biyu sun gama jami'a, ta ce min kuɗin hazaƙa tarko ne da makarantu ke jawo yaron da suke tsoron wata za ta ƙwace, to wanda ya riga ya ɗaure kansa da igiyarsa me za a ja shi da shi. Malamar makarantarsu kuma ta ce a'a, jami'ar ta rubuta cewa 'yan ED ma ana duba su daidai da kowa. Ni dai ina ganin maganar 'yar Kumasi ta fi kama hankali, ko a kasuwar Kwari wanda ya ce ko nawa ne zan saya ba a yi masa ragi.

Abin da ya fi ƙona min rai, akwai wata jami'a a nan cikin gari da ta nema ta EA, sun ɗauke ta tun farkon Disamba da na hazaƙa dala 30,000 duk shekara, su FAFSA kawai suke dubawa, in aka haɗa da tallafin gwamnatin tarayya da na jiha abin da zai rage bai kai 5,000 ba kuma daga gida za ta dinga zuwa a jirgin ƙasa. Ga CUNY ga SUNY ma, jami'o'in gwamnati na birnin nan da na jiha, jihar nan tana da shirin Excelsior tun 2017 da ke ɗauke kuɗin karatu a cikinsu ga iyalin da samunsu bai wuce 125,000 ba. Duk wannan za a zubar saboda suna.

Zan faɗi gaskiya tunda shawara nake nema. A watan Satumba ta zo min da kwamfuta ta ce Umma zauna mu cike wani abu a shafin makarantar da ke ƙiyasta abin da za mu biya, kowace jami'a tana da shi, minti ashirin ne. Na dawo daga aiki ƙafata a kumbure, da na ji awa biyar na ce ba inda za ki, 'ya mace ba ta kwana a hostal ina raye, rufe min abin nan. Ba ta sake ɗago maganar ba, ashe wajen ubanta ta tafi. Da ta nemi takardun harajina a Oktoba na ba ta, na ɗauka na makarantun nan kusa ne, ban tambaya ba ita ma ba ta faɗa ba. Amma ke ki duba Hajiya, wace uwa ce za ta ce to daga jin farko? Ni a gidanmu ko Zariya ba a bar ni na je ba. Kuma ranar da na gama waya da ubanta raina a ɓace na ce mata ta zaɓa ko ni ko makarantar, na kuma ce ta gado munafuncin dangin ubanta. Wannan kalma ita ce ta tsaya mata, na sani, amma ai ita ta fara ɓoye min.

Malamar tasu ta ce a cikin takardar alkawarin akwai cewa in tallafin bai isa ba har karatun ya gagara ana iya neman a sake ka, ba kotu ba ɗauri, amma dole a yi shi a fili yanzu, ba a riƙe nan a riƙe can ba, in aka gano suna iya janye gurbin kuma ita ba za ta tura sakamakon yarinya wata makaranta ba alhali alkawarin na nan. Yarinya ta ce ita ba za ta nema ba, alkawari kaya ne, wai ni na koya mata. Ta ce in ci bashin iyaye na gwamnati za ta biya ni in ta fara aiki. Bashi mai ruwa Hajiya, da sunana, ni da ko katin bashi ban taɓa riƙewa ba saboda tsoron riba. Ko bashin ɗalibi na 5,500 ɗin nan ma ban san hukuncinsa ba, in da hali a tambaya min malamin da kike gayyatowa, da kuma ko saɓa irin wannan alkawarin da ban sa hannu a kai ba akwai zunubi a kaina.

Akwai abin da ba wanda ya sani a gidan nan sai ƙanena da ke Kano. Shekara goma sha ɗaya ina zubin adashi ina turawa, na sayi fili a wajen gari na fara gini ya kai linta, kuma akwai dala 19,000 a ajiye da na tara don rufi. In na sayar na haɗa zai kai ta shekara ɗaya, ƙila da rabi, daga nan kuma sai me, ga ƙannenta biyu na tafe. Wannan gidan shi ne inda nake cewa zan koma in bayana ya gaza, ba ni da miji ba ni da gado. Da take kuka tana cewa Umma na san ba ki da shi ba laifinki ba ne, a ranar farko kenan kafin in yi waccan maganar, na kasa kallon idonta.

Shin in gaya mata akwai ginin? In na faɗa na ce ba zan sayar ba ta yaya za ta sake kallona, in kuma na yi shiru ta janye ta zauna a gida daga baya ta ji a bakin wani, don ƙanen nawa matarsa ba ta da sirri. Jiya na tura kwano ƙofar ɗakinta da dambun shinkafa da take so, da safe na same shi yadda na ajiye. Dan Allah in za a karanta a karanta kafin 8 ga wata.