Salak ɗin leda da ƙwayar Listeria

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin 'yan uwanmu mazauna Amurka kan yankakken salak na cikin leda. A Disambar 2021 kamfanonin Dole da Fresh Express sun janye nasu daga kantuna saboda ƙwayar cutar Listeria mai gurɓata abinci. Abin tsoron, sanyin firji bai dame ta ba, a ciki ma take hayayyafa, tana kuma iya sa mai juna biyu ɓari. Ganyen kuwa shar, ko wari babu.

Idan hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta fitar da sanarwar janye salak, a duba lambar jikin ledar, in ta zo ɗaya da ta cikin sanarwar a zubar, a wanke firjin. Su ma kantuna su riƙa liƙa sanarwar a bakin ƙofa, don tsofaffinmu ba sa leƙa intanet.

Naka,
Wani mai karatu