Abba, ga yadda za ka yi da dankalin nan

Assalamu alaikum Abba, ya karatu, ya zahin Aliero? Mu nan Birnin Kebbi lahiya lau, Babanku na gaishe ka.

Ƙanwarka ta tona maka asiri, wai sati guda kenan sahe Indomie dare Indomie, kuma wai har sauran tsire ka zubar don ya huce. Haba Abba, tsire ake zubarwa cikin tsadar nan? To dankalin turawan da na ƙunsa maka ranar tahiya mi kake jira da shi, sai ya tsiro? Na Jos ne mai kyau, da kaina na zauna na zaɓe shi a kasuwa.

Ɗauki guda 3 ko 4 matsakaita ka fere, ka yanka ƙanana kamar dunƙulen Maggi, ka ɗauraye, sannan ka tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe. Kada ka raina tsanewar nan, in ka zuba shi da ruwa a jiki mai zai yi ta tsalle yana ƙona ka, dankalin kuma turaruwa zai yi maimakon ya soyu. Ka ɗora kasko mai faɗi, man gyaɗa cokali 3 ya isa, in ya yi zahi ka baza dankalin kada wani ya hau kan wani, ka rufe minti 5 a wuta matsakaiciya. Daga nan ka buɗe murhin ka bar shi a buɗe, ka juya sau ɗaya ka ƙyale shi. Na san ka da gaggawa kamar Babanku, hannunka ba ya zama wuri ɗaya, to juye juyen nan shi ke farfasa shi ya kama gindin kasko. Ni ma ina amarya haka na yi, abu ya koma fate, Babanku ya cinye bai ce uffan ba, sai bayan shekaru ya riƙa tsokanata da shi. Ka bari gefen da ke ƙasa ya yi ja tukuna, da kansa zai saki kaskon.

Albasa sai dankali ya kusa nuna, in ka sa ta da farko ƙonewa za ta yi ta yi ɗaci. Kuma kada in ji ka ce babu albasa, kana zaune garin da ake loda ta a tirela zuwa kudu! Ka sa babba guda, tarugu ɗaya, tattasai in da akwai.

Sai ka duba abinda ya rage maka, tsire ko balangu ka yayyanka, bandar kihin Yawuri ka cire ƙaya ka marmashe, guntun kabeji ko karas, ko miyar jiya cokali 2 daga ƙarshe, duk shiga suke. Ka ɗanɗana kahin ka sa gishiri don tsiren da yajinsa ya zo. In kana da ƙwai ka yi ɗan rami a tsakiya ka fasa ciki ka rufe minti 3. Duka duka bai kai rabin awa ba, in dafaffen dankali ne ya kwana ma minti 10 ka gama. Dankalin Hausa shi ma yana yi, sai dai ka rage wuta, zaƙinsa na sa shi saurin ƙonewa.

Amma hwa naman da ya kwana cikin zahin nan ba firij, ka shinshina, in ya canza wari ko ya yi yauƙi wannan kam zubar, wanda ke lahiya kuma ka bari ya yi zahi har ciki. Dankalin da ya yi kore ko ya tsiro ka yanke wurin da zurhi, in koren ya yi yawa ko kana jin ɗaci ka jefar, guba ce a ciki kuma wuta ba ta kashe ta. Ka fidda shi daga leda ka aje a inuwa inda iska ke shiga.

In ka yi ka turo min hoto ta WhatsApp in gani. Kuma ka kira kakarka, tun Juma'a take cigiyarka. Allah ya yi maka albarka.

Mamarka