Idan kamfanin jirgin sama ya karye, wa zai biya fasinja?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin ƴan kasuwarmu na Maraɗi masu zuwa Dubai da Sin, da maniyyata Umra, kan makomar kuɗin tikiti idan kamfanin jirgi ya durƙushe. Ba sabon abu ba ne: Air Afrique, wanda Nijar ke da hannun jari a cikinsa, ya rushe a 2002, Aigle Azur na Faransa kuma ya tsaya cak a Satumban 2019, ya bar dubban fasinjoji a ƙasashen waje.

A idon doka, wanda ya biya bai hau ba mai bin bashi ne, kuma a ƙarshen layi yake. Ma'aikata da bankuna masu riƙe da jingina su ke fara kwasa. Jiragen ma galibi na haya ne, masu su ke zuwa su ɗauke abinsu. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama da dokar UEMOA (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa) ta 2003 kan soke tashi duk a kan kamfanin suka ɗora diyya, shi kuwa aljihunsa wayam.

Saboda haka yadda aka biya shi ne magana. Wanda ya biya da katin Visa ko Mastercard yana iya rubuta wa bankinsa a janyo kuɗin, tunda ba a yi masa aikin ba. Wa'adin yawanci kwana 120 ne daga ranar tafiyar. Amma mu nan tsaba muke ƙirgawa a ajansin tafiye-tafiye, ko a tura wa wani ɗan'uwa a Yamai ko Kano ya yanko. Ajansi mai rajista da IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, yana zuba kuɗin ta asusun BSP ne, wanda IATA ke tara kuɗin tikiti a ciki ta miƙa wa kamfanoni, ba nan take ba. In kamfani ya faɗi kafin a miƙa masa, akwai sauran fata. In kuɗin sun wuce, sai kotu. Don haka ranar da aka ji labari a je ajansin, kada a bari sai an dawo daga kasuwa.

A kuma duba takardar tun ranar saye. Tikiti na gaske yana da lamba 13, ukun farko na kamfanin ne. Takarda mai haruffa shida kawai ajiyar kujera ce, ba shaidar biya ba. A karɓi rasit mai hatimi da sunan matafiyin.

Kotu ma da wa'adi. A ƙasashen OHADA, masu dokar kasuwanci ɗaya irin su Nijar, wa'adin shigar da takardar bin bashi kwana 60 ne bayan sanarwa ta biyu a jarida, 90 ga wanda ke wata ƙasa. Wanda ya makara, bashinsa na cikin haɗari.

Wanda abin ya rutsa da shi a waje ya fara duba ranar ƙarewar bizarsa, don tarar wuce wa'adi ba ta jiran kowa, sannan ya tambayi wasu kamfanoni ko suna rangwame ga waɗanda suka maƙale.

Ingila tana da tsarin ATOL mai kare matafiya idan kamfanin tafiye-tafiye ya karye, kuma da kamfanin Thomas Cook ya faɗi a 2019 hukuma ce ta kwaso mutane sama da 100,000 zuwa gida. Roƙona ga ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama, da COHO, hukumar Hajji da Umra, shi ne su wajabta wa kamfanonin da ke jigilar mutanenmu, musamman na Hajji da Umra, ajiye garantin banki da zai ishi kuɗin dawowa kafin a ba su izinin sayar da tikiti ko guda.

Ma'aikacin ajansin tafiye-tafiye,
Maraɗi