Godiya ga masu ɗinkin littafi na Sabon Garin Zariya

Assalamu alaikum.

Malam, na san ba ka son yabo a bainar jama'a, amma ka yi haƙuri, wannan karon sai na faɗa.

Littafin da na kawo shagonku na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Da shi ya dawo daga karatu a Tarayyar Sobiyat a shekarun 1970, bugun Mosko, fassarar Turanci ta labarin rigar sanyi na marubucin Rasha Nikolai Gogol, labarin da ya fara fitowa a 1842. Gara ta ci bangon, ruwan damina ya manne shafuka, zare ya ruɓe. Wuri biyu na kai shi, duk suka ce ya riga ya mutu.

Labarin Akaki ne, ƙaramin akawu a birnin Fitasbag na ƙasar Rasha, mai albashin rubul (kuɗin Rasha) 400 a shekara, wanda abokan aiki suka mayar abin tsokana. Da rigarsa ta tsufa, tela ya ce babu inda allura za ta kama, sai dai sabuwa. Akaki ya lissafa za ta ci rubul 80. Don ya tara kuɗin, bawan Allah ya daina shan shayin dare, ya daina kunna kyandir, yana taka ƙasa a hankali don kada takalmi ya cinye. Ranar da ya fara sa sabuwar rigar, a daren aka ƙwace. Ya kai kuka wurin wani babba, aka daka masa tsawa, ya koma gida zazzaɓi ya kwantar da shi har ya rasu. Baba kan fassara mana shi lokacin hunturu, kuma in ya zo wurin tsawar nan sai ya cire tabarau ya yi shiru.

Ku kam kun sami inda allura za ta kama. Na ga yaronka yana raba shafukan da bakin wuƙa, ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe numfashi. Kun ɗinke da hannu, kun liƙa tsohon bangon a kan sabo, kuma ba ku yanke gefen da Baba ya yi rubutu da fensir ba. Wannan ya fi komai taɓa ni. Da na tambayi kuɗi, ka ce littafin marigayi ne, in biya na zare da gam, sauran in yi masa sadaka.

Na yi, Malam. Bargo biyu na saya wa maigadin layinmu.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya yi wa yaron nan albarka.

Naka,
ɗan mai littafin